Jif ta hannu don fita da iyali: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Shin duk jif tana ja da ƙafa huɗu?

A'a, kuma a nan ake yi wa masu saye da yawa sakiyar da ba ruwa. Highlander, RAV4, CR-V, har ma da 4Runner, iri biyu aka fitar da su a kasuwar Amurka: mai ja da ƙafa biyu da mai ja da huɗu, alhali jikinsu ɗaya. Kada ka dogara da rubutun da ke bayan mota, manna shi ba wuya. Durƙusa ka leƙa ƙasa. A Highlander da ire-irenta, ban da masu haɗa fetur da lantarki (hybrid), in ba ka ga farfela ta miƙe daga giya zuwa tayoyin baya ba, to ƙafar gaba kaɗai ke ja. A 4Runner kuwa gaba za ka duba, domin ita asali da baya take ja.

Highlander zan ɗauka, ko 4Runner da Prado?

Hanyarka ce za ta ba ka amsa, ba sha'awar ido ba. Idan tafiyar ita ce kai yara Yankari su yi wanka a Wikki, ko zuwa Tiga, ko gaisuwar Sallah a kan kwalta mai ramuka, Highlander ko Honda Pilot ta wadatar. Sun fi laushin zama, kuma akwai masu kujeru layi uku.

Amma wanda garinsu sai an ratsa fadama a watan Agusta, ko an keta rairayi, yana bukatar mota mai shasi na ƙarfe daban da jiki, mai giyar ƙarfi da ake rubuta wa 4L. Nan ne 4Runner da Prado suke da bakin magana. Sai dai a tuna da tanki. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, injin mai lita 4.0 ya zama kamar ƙarin baki a gida. A ganina, sayen Prado saboda tafiya biyu a shekara wahalar da kai ne.

Me ya sa Pathfinder da Xterra na Nissan suka fi araha?

Ba su riƙe daraja a kasuwa kamar Toyota. Sannan na 2005 zuwa 2010 masu giyar otomatik an san su da wata cuta: lagireto yakan fashe ta ciki, ruwa ya gauraya da man giya, giyar ta mutu. Idan an riga an sauya lagireton kuma man giya tsaf yake, motoci ne masu ƙarfi. Kafin ka biya, tambayi kuɗin kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa ko Panteka.

'Yar Kwatano ko wadda aka hau a gida?

Kowacce da nata. Wadda ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka, duba shasinta da kyau, saboda gishirin da suke zuba wa titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe. Ɗaga kafet ka shinshina, motar da ambaliya ta shanye ba ta ɓoye warinta. Ɗauki lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ka binciki tarihinta a intanet, ka kuma tabbatar takardun kwastan na gaske ne. Mitar motar Amurka da mil take ƙirga, mil 150,000 kusan kilomita 240,000 ke nan, kuma ana juya ta baya.

Yaya zan gwada ta?

Je da bakanikenka, ba na dillali ba, kuma da safe kafin a ɗumama injin. In tana da 4L da 4H (jan ƙafa huɗu na tafiyar gudu), a fita da ita kan ƙasa a sa su, a ga sun shiga sun fita. Motar da ta shekara biyar a gari ba a taɓa sa mata su ba, sau da yawa sun maƙale. Highlander mai injin lita 3.3 da Pilot da bel taimin ɗinsu yake aiki, ba sarƙa ba, don haka tambayi yaushe aka sauya shi. Duba gefen taya, lambobi huɗun ƙarshe a layin da ya fara da DOT mako ne da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019.

In zuba duk kuɗina a kanta?

Kul. Rage na tayoyi, da safaya mai lafiya, da shokozoba, da juyen mai, da gyaran na'urar sanyi, don yara ba za su jure zafin Afrilu a bayan mota ba.