Me ya sa galaksi ke daina haihuwar taurari idan ya shiga gungu?

Ɗalibaina na darasin yamma a Tudun Wada, nan Kaduna, sun tsare ni da tambayoyi ranar da na nuna musu hoton farko na madubin hangen nesa na James Webb, wanda aka fitar a Yulin 2022.

Malam, waɗannan ɗige-ɗigen irin Kaza da 'Ya'yanta ne?

A'a. Kaza da 'Ya'yanta 'yan gida ne, a cikin galaksinmu suke. Yawancin ɗigon hoton nan kowanne galaksi ne sukutum, mai biliyoyin taurari. Gungun galaksoshin da ke tsakiya sunansa SMACS 0723, haskensa ya yi shekara biliyan 4.6 a hanya kafin ya iso mu.

To, mene ne ke samun galaksi a cikin gungu?

Nan ne abin ya fi taɓa ni. Galaksi na haihuwar taurari ne daga iskar gas mai sanyi da yake ɗauke da ita. Tsakanin galaksoshin gungu kuwa akwai wata gas mai zafin miliyoyin digiri. Galaksi ya kan afka cikinta da gudun kusan kilomita 1,000 a daƙiƙa ɗaya, sai ta yi masa abin da iska ke yi wa gero a wajen shiƙa: taurari masu nauyi su tsaya, gas ɗinsa ta bi iska. Masana taurari Gunn da Gott suka bayyana haka a 1972. An ma ɗauki hoton wani galaksi, ESO 137-001, yana jan dogon bindin gas a bayansa. Daga nan haihuwa ta tsaya, shuɗɗan taurari masu gajeren rai su mutu, a bar tsofaffi jajaye.

Me ya sa sai an hango gungu masu nisa don a gane haka?

Domin na nesa kamanninsa na dā muke gani. A 1978 masana taurari Butcher da Oemler sun lura gungu masu nisa sun fi na kusa yawan shuɗɗan galaksoshi. Wato a lokacin ba a gama kwashe musu gas ba.

Sai ya shiga tsakiya abin ke farawa?

Tun daga bakin gari yake farawa. Da yawa suna tahowa ne cikin ƙananan ayari, suna gogar juna, wasu su haɗe. Kafin su iso, haihuwar wasunsu ta riga ta ja baya.

Namu fa, Malam?

Namu na cikin ƙaramin rukuni tare da galaksin Andromeda, kuma har yanzu yana haihuwa. Babban gungu mafi kusa da mu, Virgo, yana nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 54.