Lafazin suna: wa ke da ikon cewa "haka ake faɗinsa"?

Kalmar lafazi baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida. Daga Larabci ta zo, inda tushenta ke nufin fitar da abu daga baki. Larabawa na faɗinta a dunƙule, lafz, da wani harafi mai kauri a ƙarshe wanda Hausa ba ta da shi. Da ta shigo bakinmu sai muka sassauta harafin ya koma z, muka cusa wasali a tsakiya, muka ƙara wani a ƙarshe, ta zama gaɓa uku. Wato kalmar da kanta ta sha irin abin da take bayani a kai.

A Hausar yau fuska biyu gare ta. In aka ce wane ya tausasa lafazinsa, ko ya yi amfani da munanan lafuzza, kalaman da ya zaɓa ake nufi. In kuwa aka ce lafazinsa na Larabci bai fita ba, ana maganar yadda sautin ke fitowa ne: inda harshe ya taɓa, wasalin da aka ja, gaɓar da aka ɗora wa nauyi. Malaman harshe sun fi kiran wannan furuci. Shi ne ya shafe mu a nan, musamman inda ya fi jawo gardama, wato a sunayen mutane.

Kalma ta yau da kullum ba ta da mai ita. Yadda jama'a suka fi faɗinta, haka take, ko malamai sun so ko sun ƙi. Suna kuwa yana da mai shi, kuma yana ji in an kira. Ga harshen da sunan ya fito yana cewa nasa ne daidai, ga rubutun da ke kan fasfo yana faɗin nasa, ga kuma mai sunan. Sau da yawa ukun ba sa jituwa.

Rubutu shi ne babban mayaudari, domin harsuna da yawa sun ari haruffan boko iri ɗaya amma kowa ya ɗora musu sautin da ya ga dama. Harafin c da muke karantawa a kalmomin ciki da cuta, Turkawa da sautin j suke karanta shi tun da suka bar rubutun Larabci a 1928. Saboda haka Recep Tayyip Erdoğan ba wani baƙon suna ba ne, Rajab ne da Ɗayyib da muka sani, sun sa rigar Turkanci. Shi kuma g ɗin nan mai 'yar hula a kai ba a furta shi, abin ya fi kusa da Erdowan. Harafin j ma haka: José a bakin mutanen Sifen Hose ne, Jürgen a Jamus kuma Yurgen. A watan Satumban 2014, lokacin da shugaban Sin ya kai ziyara Indiya, wata mai karanta labarai a gidan talabijin na gwamnati ta ga Xi Jinping a rubuce, ta ɗauka lambar Romawa ce, ta kira shi Jinping na goma sha ɗaya. An cire ta daga karatun labarai. Alhali Shi ake faɗa, ko abin da ya yi kusa da haka.

Kada a ɗauka baƙi kaɗai abin ke kayarwa. A Ingila akwai tsofaffin dangi da ake rubuta sunansu Cholmondeley a faɗe shi Camli, da Featherstonehaugh da ake faɗa Fansho. Baki ya gaji ya taƙaita, alƙalami ya ƙi bin sa. Bature ɗan ƙasar ma in ba a gaya masa ba, sai ya yi tuntuɓe.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na ɗan wasan ƙwallon kwandon nan, Giannis Antetokounmpo. An haife shi a Atina a 1994, iyayensa 'yan Najeriya ne, sunan gidansu Adetokunbo, sunan Yarbanci mai nufin kambin sarauta ya dawo daga ƙetaren teku. Sai a 2013 ya sami takardar zama ɗan Girka. To, Girkancin zamani ba shi da harafi guda na sautin d, sai an haɗa n da t, haka b sai an haɗa m da p. Aka rubuta sunan da haruffan Girka bisa wannan ƙa'ida, sannan aka juyo shi zuwa boko harafi bayan harafi, sai ga Antetokounmpo. Bagirke in ya gani zai karanta abin da ya yi kusa da asali. Ba'amurke kuwa sai ya bi kowane harafi yana furtawa, ya fito da sunan da babu shi a Legas, babu shi a Atina. Sunan farkon ma Yanis ne, ba Giyanis ba. Babu wanda ya yi ganganci a duk tafiyar nan, kowane ma'aikaci ƙa'idarsa ya bi, amma sunan ya isa masauki da wata kama.

Sunayen Larabci su ne suka fi yawo, don haka su ne suka fi canza kama. Suna ɗaya ne ya zama Usman, Osman da Ousmane. Muhammad ya zama Mehmet a Turkiyya, Mamadou a Senegal da Mali, Mamman a bakinmu. Misirawa da sautin g suke faɗin harafin jim, shi ya sa duniya ta san Gamal Abdel Nasser ba Jamal ba. Mutanen Libiya su ma da sautin g suke faɗin ƙaf, daga nan aka sami Gaddafi, Qaddafi, Kadhafi da sauran rubuce-rubuce barkatai na mutum ɗaya, wasu na bin Larabcin littafi, wasu na bin na titi. Akwai kuma gardamar da ta fi kusa da mu: Abdulrahman ko Abdurrahman? A ƙa'idar Larabci, lam ɗin da ke cikin al, wato l ɗin Abdul, yana narkewa in ya haɗu da ɗaya daga haruffa 14 da ake kira shamsiyya, irin su r da s da d, shi ya sa ake cewa Abdurrahman, Abdussalam, Nuruddin. In ya haɗu da na ƙamariyya sai ya fito fili, kamar a Abdulkarim da Abdulmalik. Mai gyara yana da hujja a nan. Sai dai mutumin da ya shekara arba'in yana amsa Abdulrahman, haka iyayensa suka kira shi, haka ke kan duk takardunsa, da wuya ka shawo kansa cewa bai san sunansa ba.

Ni dai a ganina, in aka zo kan mutum takamaimai, maganar mai suna ita ce gaba. Nahawu yana iya gaya maka asalin kalma, ba zai iya gaya maka abin da wane ke amsawa ba. Ɗan fim ɗin Amurka Denzel Washington ya taɓa bayyana cewa shi da mahaifinsa suna ɗaya gare su, da nauyi a gaɓar farko, sai mahaifiyarsa ta mayar da nauyin nasa gaɓar ƙarshe don in ta kira a san wanda take nufi. Wane littafi ne zai hukunta wannan? Ita kuma 'yar fim ɗin Birtaniya Thandiwe Newton, kuskuren rubutu a fim ɗinta na farko a 1991 ya sauke mata w, ta yi shekara 30 ana kiranta Thandie, sai a 2021 ta ce a mayar mata da abinta.

Amma fa akwai iyaka, kuma masu zafin kai kan lamarin kan manta da ita. Ba kowane baki ke iya kowane sauti ba. Yaro kan tashi da sautukan harshen da ya sha a nono, in ya girma sauran su yi masa nauyi, wasu ma kunnensa ba ya rarrabe su. Mu da ke jin haushi in baƙo ya ce Dangote maimakon Ɗangote, ko ya shanye ɗaurin da ke cikin 'Yar'adua, mu ne muke mayar da Peter ya koma Bita ko Fita. Rubutunmu ma bai taimaki baƙon ba, tunda ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti, ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ kuma takan faɗi a kwamfuta. Wanda ya yi ƙoƙari ya kasa ba shi da laifi.

Wanda ya iya ya ƙi, shi ne abin magana. Kamala Harris, tsohuwar mataimakiyar shugaban Amurka, ta sha bayyana cewa nauyin sunanta a gaɓar farko yake, kuma kalmar Sanskirit ce mai nufin furen bado. A watan Oktoban 2020, Sanata David Perdue, wanda ya shafe fiye da shekara uku suna zama majalisa ɗaya da ita, ya tsaya gaban magoya baya a jihar Jojiya yana jujjuya sunan yana maimaita gaɓoɓinsa, jama'a na dariya. Mutanensa suka ce kuskure ne kawai. Mutane da yawa ba su yarda ba, domin lauya suna tsohuwar hanya ce ta nuna wa mutum cewa shi bare ne ba tare da an faɗa ba. Akwai kuma na raha, kamar yadda magoya bayan Chelsea suka ga César Azpilicueta ya fi ƙarfin bakinsu suka raɗa masa Dave. Shi ya karɓa da fara'a, amma ba kowa ke da matsayin da zai sa abin ya zama wasa ba. Wani bincike da masanin halayyar ɗan Adam Simon Laham da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 ya nuna cewa mutane sun fi kallon masu sauƙin suna da idon rahama, har ma a kamfanonin lauyoyi na Amurka masu irin wannan suna sun fi samun manyan kujeru.

An daɗe ana neman mafita. Ƙungiyar masana furuci da aka kafa a Faris a 1886 ta fito da haruffa na musamman, kowane sauti da alamarsa, sai dai in ba ɗaliban harshe ba, ba kowa ke iya karanta su ba. BBC ta kafa kwamitin kula da lafazi tun 1926, kuma har yau tana da sashen da ke gaya wa masu karanta labarai yadda za su faɗi sunaye. A 2020 LinkedIn, dandalin sada zumunta na ma'aikata, ta ba mutane damar naɗar muryarsu ta daƙiƙa 10 suna faɗin sunansu, wanda a zahiri komawa ne ga tsohuwar dabara ta tambayar mai abu.

Wasu kuwa gajiya suke yi su sauƙaƙa wa kowa. Mai zanen nan ɗan Holan, Vincent van Gogh, sunansa yana da sautin maƙogwaro a farkon Gogh da ƙarshensa, irin na kha ɗin Larabci. Ingilawa na cewa Van Gof, Amurkawa na cewa Van Go, Faransawa Van Gog. A 1888, yana zaune a kudancin Faransa, ya rubuta wa ƙanensa Theo cewa daga yanzu a riƙa sa sunansa a takardun baje koli yadda yake sa hannu a zanensa, Vincent kawai, domin mutanen wurin ba za su iya faɗin ɗayan ba.