POP: Sunan Gari Ne, Ba Sunan Ado Ba

Duk wanda gininsa ya kai rufi, ko ya kira mai tsara cikin gida ya duba masa falo ko ofis, sai ya ji tambayar nan: "Alhaji, POP za a yi ko silin roba?" Da yawanmu mun ɗauka POP sunan ado ne, wato farin silin nan mai hawa-hawa da ƙananan fitilu a binne cikinsa. Alhali kuwa sunan garin da ake kwaɓawa ne.

Haruffan uku gajarcen Plaster of Paris ne, wato filastar Faris, babban birnin Faransa. A zamanin da, an daɗe ana haƙo wani farin dutse a tudun Montmartre da ke birnin, sunan birnin sai ya bi hajar. Dutsen shi ne jifsam, mai laushin da farce ma yana karce shi. Akwai shi a jihohin Sakkwato da Yobe da Gombe, kuma kamfanonin siminti suna zuba kaɗan daga cikinsa don kada siminti ya yi saurin kamawa. Idan aka niƙa shi aka gasa a zafin da ya kai wajen digiri 150, kashi uku cikin huɗu na ruwan da ke ƙunshe a jikinsa sai ya fita, ya bar farin gari mai ƙishirwa. Da ka ba shi ruwa zai koma dutse cikin 'yan mintoci, har ka ji ya ɗauki ɗumi yayin da yake kamawa. Shi ya sa mai aikin ba ya kwaɓa da yawa, kaɗan-kaɗan yake yi a roba yana sauri. Wanda ya taɓa kai mai karaya Asibitin Ƙashi na Dala ya riga ya san shi, don shi ne farin abin da ake naɗe ƙafa da shi, dabarar da wani likitan sojan Holan, Antonius Mathijsen, ya fito da ita a farkon shekarun 1850.

A wurin gini kalmar ta faɗaɗa. Wani idan ya ce POP, yana nufin wanda ake zubawa a ƙasa cikin mazubi mai siffar da ake so, a haɗa shi da zaren filas, wani zare mai kama da na rama, don ya yi ƙarfi, a ɗaga a ɗaure da katako, sannan a shafe mahaɗar. Aikin da 'yan Togo da Benin suka yi suna a kansa ke nan a Najeriya. Wani kuma allon jifsam na kamfani yake nufi, mai takarda gaba da baya, yawanci ƙafa 4 a ƙafa 8, wanda ake ɗaurewa da sukurori a jikin ƙarafa. Na biyun ya fi sauri da tsabta. Na farkon ya fi yarda da lanƙwasa da zane, amma yana da nauyi kuma sai an jira ya bushe kafin fenti. Kuɗinsu ba ɗaya ba ne, don haka tun a zaman farko ka ce wa mai tsarin ya fayyace wanne yake nufi, ya rubuta a takarda.

Babban abokin gabansa ruwa ne. Kwano ɗaya ya yi yoyo, sai ka ga rawayar taswira ta bayyana a tsakiyar falo, daga nan ya jiƙe ya yi laushi, wata rana ya rufto. Ni a ganina, mai tsarin da ya fara nuna maka hotunan silin a waya bai tambayi lafiyar rufinka ba, bai gama koyon aikin ba. Idan da hali, a bar rufin ya ga ruwan sama mai ƙarfi ko da sau biyu ne kafin a rufe ƙasansa. Katakon da za a rataye shi ma a shafa masa maganin gara.

Kuma ba ya ɗaukar kaya. Fanka da babbar fitilar nan ta falo ba a jikin POP ake rataye su ba, maƙalarsu sai ta kai ga katakon rufi ko dakin, wato rufin kankare. Nan ne amfanin mai tsara cikin gida yake fitowa, ba a zaɓen launin labule ba. Shi ne zai tara mai wayarin da mai esi da kafinta da mai POP ya ce wane ne zai riga wane, ya kuma nuna a zane inda kowace fitila za ta faɗo. Kafin ya yi haka dole ku gama magana kan inda gado zai zauna, ko teburin taro idan ofis ne, domin fitila tana bin kayan ɗaki ne. Da an rufe, duk wayar da aka manta sai an fasa. Ga ofis kuwa abin ya fi yawa: wayoyin intanet, na kyamara, bututun ruwan esi. A bar ƙaramar ƙofa a lungu da mutum zai iya shiga ta nan gyara.

Sai batun tsawo, wanda kwaɗayin ado kan sa a manta. Kowane hawa da aka ƙara yana cin sararin ɗakin ne daga sama. Ɗaki mai mita 3 idan aka sauke masa hawa uku, fanka ta dawo kusa da kai, ga zafin bazara. Magabatanmu da suka yi ɗaurin guga da azara ɗaga rufi suke yi sama, kamar yadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya. Mu yanzu sauko da shi muke yi, muna biya.

Kuɗin aikin da murabba'in mita ake lissafa shi. Ɗaki mai mita 4 tsawo da mita 4 faɗi, murabba'i 16 ke nan. Sai dai ka tambaya ko wannan farashin ya haɗa da hawa-hawan, da bakin da ke zagaye bango, da katako, da huda gurbin fitilu, da shafen ƙarshe kafin fenti, don sau da yawa waɗannan daban ake kawo lissafinsu bayan an karɓi kafin alƙalami.