Rogue Legacy

Rogue Legacy wasan kwamfuta ne da kamfanin Cellar Door Games na birnin Toronto a ƙasar Kanada ya fitar ranar 27 ga Yuni, 2013. Wasu 'yan'uwa biyu, Kenny Lee da Teddy Lee, su ne ƙashin bayan aikin. Mai wasa yana sarrafa jarumi riƙe da takobi, yana kutsawa cikin wata tsohuwar fada mai cike da dodanni da tarkuna, wadda ɗakunanta ke sake tsari duk shigar da aka yi. Jarumin da ya faɗi ba ya tashi. Ɗansa ko 'yarsa ce ke ɗaukar takobin, kuma kowane magaji da irin halittar da aka haife shi da ita: wani wada, wani ƙato, wani ba ya bambance launi.

Asalinsa

Tushen irin wannan wasa shi ne Rogue, wanda Michael Toy da Glenn Wichman suka ƙirƙira a 1980 suna ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, daga baya Ken Arnold ya sa hannu. Babu zane a cikinsa, haruffa ne kawai a kan allo: alamar @ ce mai wasa, sauran haruffa kuma dodanni. Ya bar wa na baya ƙa'idoji biyu: kwamfuta ce ke zana kurkukun da ake yaƙi a cikinsa sabo fil a kowane zagaye, kuma wanda ya mutu ya koma farko hannu rabbana. NetHack na 1987 ya bi wannan sawu. Spelunky na 2008 ya kai ƙa'idojin cikin wasan gudu da tsalle.

Rogue Legacy ya riƙe ƙa'idar farko, ya sassauta ta biyu. Shi ya sa masu tsattsauran ra'ayi a kan gadon Rogue ba sa lissafa shi cikin na asali, su ma masu shi ba su yi da'awar haka ba. Aikin ya ɗauki wata 18, kuɗin da aka kashe bai kai dala 15,000 ba, kuma a makon farko an sayar da kwafi fiye da 100,000. Ya fara fitowa a Windows, ya isa na'urorin PlayStation a 2014, Xbox One a 2015, Nintendo Switch a 2018.

Yadda ake buga shi

Fadar ta kasu shiyya huɗu: tsakiyarta, daji ta gefen dama, hasumiya a sama, da ramin duhu a ƙasa. Kowace shiyya da uban dodonta, kuma sai an kashe duka huɗun babbar ƙofar zinariya da ke bakin shiga take buɗewa. Uban dodon da aka kashe ba ya dawowa a zagaye na gaba, ko da tattaɓa-kunne ne ya shigo.

Zinariyar da mamaci ya tara tana zama gadon magajinsa. Da ita ake faɗaɗa gidan zuri'a, wanda kowane sabon ɗaki a cikinsa ke ƙara lafiya, ƙarfin sara, tsafi, ko buɗe sabon rukunin mayaƙa. A ƙofar fada akwai maƙeri mai ƙera sulke da takobi, da wata matsafiya mai ɗaura layu, da magini wanda zai iya hana fadar sauya tsari idan aka yarda ya ɗauki kasonsa daga abin da za a samo. Sai kuma Charon, mai gadin ƙofa, wanda ke karɓe duk abin da ya rage a aljihu kafin ya bari a wuce. Saboda shi babu amfanin adana: ko ka kashe kuɗin a gida, ko ka miƙa masa.

Halittun magada

Bayan kowace mutuwa ana jera wa mai wasa magada uku ya zaɓi ɗaya. Kowanne yana da rukuninsa na yaƙi, da tsafinsa, da halitta ɗaya ko biyu, wani lokaci ba ko ɗaya. Gwanintar waɗanda suka ƙirƙiri wasan ita ce ba su rubuta larurar a gefen allo kawai ba, sun sa mai wasa ya ɗanɗana ta da idonsa da yatsunsa.

Idan magajin ba ya bambance launi, allon duka sai ya koma fari da baƙi. Idan ba ya gani nesa, duk abin da ke nesa da shi sai ya yi dishi-dishi, kibiya ba za ta fito sarai ba sai ta kusa. Mai larurar karatu yana ganin haruffan rubutu a cakuɗe. Mai jiri kuwa duniyar ce ke kifewa, ƙasa a sama, sama a ƙasa, kuma da wuya a sami mai wasan da ke zaɓensa da son rai. Mai ciwon mantuwa ba ya iya buɗe babbar taswira. Siriri, ana taɓa shi sai ya yi sama ya faɗa can nesa; mai jiki ko gezau.

Ba duka ne nakasu ba, kuma a nan tunanin ya fi armashi. Wada takobinsa gajere ne, dole ya matsa jikin dodo kafin ya sare shi, amma akwai ƙananan ramuka a bango masu kai wa ga akwatin dukiya waɗanda shi ke iya ratsa su. Wanda jini ba ya gudana sosai a ƙafafunsa yana taka tarkon ƙusoshi ya wuce, tarkon bai ji shi ba. Mai rawar kai yana da ƙarin sauri. Wasu kuma don raha aka sa su, kamar mai sanƙo, da mai ɓarin baki da ke zagi idan an buge shi, da mai ciwon ciki da ke sakin iska yana tsalle.

Sai dai a kimiyyance wannan ba gadon jini ba ne. Wasan ba ya duba halittar uba kafin ya ba ɗa tasa. Wada na iya haifar ƙato, ƙaton ya haifi mai jiri, babu wata ƙwayar halitta mai rinjaye ko mai ɓuya da ke bin zuri'ar, ƙuri'a ce kwamfuta ke jefawa kowane karo. Abin da ake gada tabbas shi ne dukiya da gida da makamai. Halitta tana sauya yadda za a buga zagaye ɗaya, kuɗi ne ke sa jika ya fi kaka ƙarfi. Masu sukar wasan a nan suke kafa hujja: mai haƙuri, ko da hannunsa bai faɗa ba, zai iya tara zinariya har ya fi ƙarfin dodannin, abin da Rogue bai taɓa yarda da shi ba.

Labari

Ana tsintar labarin ne a shafukan wani kundin tunawa da ke warwatse cikin fadar. Marubucinsa, Johannes, ya shiga neman magani ga sarki, ya tarar cewa abin da sarkin ke nema shi ne maɓuɓɓugar ƙuruciya. Sunayen iyayen dodannin huɗu, Khidr, Alexander, Ponce de Leon da Herodotus, duk an aro su ne daga waɗanda tsofaffin labarai suka danganta da ruwan rayuwa.

Na biyu da makamantansa

Rogue Legacy 2 ya fito a matsayin gwaji a Agustan 2020, cikakkensa kuma ranar 28 ga Afrilu, 2022. Ya gyara wata matsala da ta fito fili a na farko, inda mai wasa ke tsallake duk magajin da larurarsa ta yi tsanani. A na biyu, gwargwadon wahalar halitta gwargwadon ƙarin zinariyar da magajin ke samu, don haka zaɓen mai rauni ya zama ciniki.

Wanda ke neman wasan da jiki da kansa ke bunƙasa, Caves of Qud na kamfanin Freehold Games ya fi kusa da haka. Cikakkensa ya fito a Disamban 2024, kuma a cikinsa ana zaɓar rikiɗar halitta tun farko, kamar fukafukai ko ƙarin hannuwa ko kai biyu, a riƙa ƙarfafa ta yayin da jarumin ke hawa mataki.