Sifili, ɗaya ko biyu: yadda ake ba kuɗin tallafin raya ƙasa makin daidaiton jinsi

Kusan duk aikin raya ƙasa da gwamnatin wata ƙasa mai arziki mai ba da tallafi ta ware wa kuɗi, kama daga gina makaranta zuwa rancen manoma, akwai lambar da ake liƙa masa kafin a aika rahotonsa hedikwatar OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, da ke birnin Faris: 0, 1 ko 2. Lambar na nuna ko an tsara aikin da niyyar rage giɓin da ke tsakanin maza da mata. Kwamitin ƙungiyar mai kula da tallafin raya ƙasashe, wato DAC, shi ne mai wannan ƙa'ida, kuma a watan Disamba na 2016 aka fitar da mafi ƙarancin sharuɗɗan da ake son aiki ya cika kafin ya ci kowane maki. In ka ji ana cewa kaso kaza na tallafin ƙasashe masu arziki yana tafiya ga daidaiton jinsi, daga wannan lamba aka haɗa lissafin.

Maki 2 na aikin da daidaiton jinsi shi ne ainihin dalilin yin sa. Tambaya ɗaya ake yi: da ba don wannan buri ba, da za a yi aikin? In amsar a'a ce, makinsa 2. Horar da 'yan sanda da alƙalai kan shari'ar fyaɗe, gyaran dokar mallakar filaye domin mata su iya yin rajista da sunansu, tallafa wa ƙungiyoyin kare haƙƙin mata, duk nan suke. Aikin da maza da samari kaɗai ake koyarwa a cikinsa ma yana iya cin 2, matuƙar manufarsa rage cin zarafin mata ce.

Maki 1 na aikin da ke da wani babban dalili daban, kamar ruwan sha ko lantarki ko noma, amma an sa daidaiton jinsi a cikinsa da gangan a matsayin buri mai muhimmanci. Maki 0 kuwa na nufin an duba aikin, an ga bai nufi wannan buri ba. Sifili ya bambanta da barin gurbin babu komai, domin gurbin da aka bari fanko yana nufin ba a ma duba aikin ba.

Rigimar duk a kan maki 1 take. Masu rubuta takardar neman tallafi da yawa suna ɗauka cewa da zarar sun rubuta “rabin masu amfana mata ne”, shi ke nan sun ci. Ƙa'idar ba ta yarda da haka ba. Makarantar da aka gina wa yara maza da mata, ba tare da an tanadi komai kan abin da ke fitar da 'yan mata daga aji ba, makinta 0 ne ko da rabin kujerun 'yan mata ne a kai. Tana hawa 1 ne idan an gano abin da ke hana su zama, a ce nisan hanya, ko rashin banɗaki na daban, ko kuɗin makaranta da iyaye ke fara biya wa ɗa namiji, sannan aka ware aiki da kuɗi don kawar da shi.

Sharuɗɗan 2016 guda biyar ne. Na farko, a binciki halin da maza da mata ke ciki a fannin da kuma wurin da za a yi aikin: wa ke da fili, wa ke riƙe da kuɗin gida, wa ke da lokacin zuwa taro, wa doka ko al'ada ta hana sa hannu a takardar banki. Na biyu, a ga sawun binciken a cikin tsarin aikin, har da matakan da za su hana aikin ya jawo cuta. Wannan sharaɗi ana yawan tsallake shi. Sau da yawa ana ɗauko ƙwararre ya rubuta binciken bayan an gama tsara aikin an kulle kasafi, sai rahotonsa ya koma rataye a ƙarshen takarda, bai canza ko layi ɗaya ba. Maganar cuta kuma ba ado ba ce. Rancen da aka ba mace da sunanta amma miji ke karɓe kuɗin yana barin ta da bashi, kuma horon da aka sa da tsakar rana ba tare da tanadin masu kula da yara ba ƙarin wahala ne a kan aikin gida da ba wanda ya rage mata.

Na uku, aƙalla buri guda a rubuce kan daidaiton jinsi, da aƙalla ma'auni guda da zai nuna an cim masa ko ba a cim masa ba. “Mata 300 sun halarci horo” ƙidayar kujeru ce kawai. Ma'aunin kirki shi ne irin su kason takardun filaye da suka fito da sunan mata, ko awoyin da mace ke ɓatawa wajen ɗebo ruwa kafin aiki da bayansa, kuma dole a ɗauki alƙaluman farko kafin a soma, in ba haka ba babu abin kwatantawa a ƙarshe. Na huɗu, a rarraba alƙaluma tsakanin maza da mata. Na biyar, a yi alkawarin bibiya da bayar da rahoton sakamakon a bitar ƙarshe. Aikin maki 2 ma waɗannan yake cikawa, sai dai babban burinsa da ma'aunansa gaba ɗaya a kan daidaiton jinsi suke. Ko mai sifili ana so a yi masa binciken farko, don a tabbata bai cutar ba, a kuma bayyana dalilin ba shi sifili.

Abin da ke ruɗa mai karanta alƙaluma shi ne yadda ake ƙirga kuɗin. Makin kan aikin gaba ɗaya yake hawa. A ce aikin lantarki ne na dala miliyan 50, aka ware dubu 500 a ciki don horar da mata masu gyaran layi, aka ba shi maki 1: dala miliyan 50 ɗin ne cif za su shiga jerin kuɗin da ke tallafa wa daidaiton jinsi. Ga shi niyya ake aunawa a lokacin da aka yi alkawarin kuɗin, ba abin da aikin ya haifar ba. Kuma mai ba da kuɗin shi ke ba kansa maki, ɗalibi ne ke duba takardar jarrabawarsa. Da ƙungiyar Oxfam ta bi ayyuka 72 na manyan masu ba da tallafi bakwai a wani bincike da ta fitar a 2020, biyu kacal ta samu sun cika dukkan sharuɗɗan.

Shi ya sa gara a raba lambobin biyu. A 'yan shekarun nan sama da kashi 40 cikin 100 na tallafin da ƙasashen DAC ke bayarwa kai tsaye, wanda ake iya dubawa da wannan ma'auni, yana ɗauke da maki 1 ko 2. Amma na maki 2 kaɗai yana yawo ne tsakanin kashi 4 da 5. Abin da ke isa hannun ƙungiyoyin kare haƙƙin mata bai kai kashi 1 ba. Akwai kuma kuɗin da ba sa shiga lissafin tun asali, irin su yafe bashi, tallafin kasafin gwamnati na bai ɗaya, da gudummawar da ake zuba wa asusun manyan hukumomin duniya ba tare da ɗaure ta ga wani aiki ba.

Sharuɗɗan DAC shawara ce, ba su da hukunci. Ƙarfinsu ya zo ne da wasu suka ɗora su cikin dokokinsu da manufofinsu. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 da ta kafa asusunta na hulɗa da ƙasashen waje, mai kimanin yuro biliyan 79.5 na 2021 zuwa 2027, ta ce aƙalla kashi 85 na sababbin ayyuka su ci maki 1 ko 2, kuma aƙalla kashi 5 daga cikinsu su zama masu 2. A lura, yawan ayyuka ake ƙirgawa a nan, don haka ƙaramin aiki da babba duk ɗaya ne a sikeli. Faransa, a dokarta ta Agustan 2021, kuɗi ta ƙirga: kashi 75 na kuɗin su tafi ga ayyukan maki 1 ko 2 ya zuwa shekarar 2025, kashi 20 na maki 2. Kanada ta sa wa kanta kashi 95 na maki 1 ko 2 da kashi 15 na maki 2 a 2017, amma a 2023 babbar mai binciken kuɗin ƙasar ta samu cewa ma'aikatar da ke kula da tallafin ba ta iya nuna yadda kuɗin suka inganta rayuwar mata da 'yan mata ba. Irin wannan ƙayyadadden kaso yana da amfani, domin yana tilasta wa injiniya da masanin tattalin arziki su yi tambayar da a da ba sa yi. Illarsa, jami'in da aka ce lallai ya kawo kashi 85 zai fi saurin ɗaga maki a kan ya sake tsara aiki.

Ga mai rubuta takardar neman tallafi, wurin da gogaggen mai tantancewa ke fara buɗewa shi ne kasafi. Duk abin da aka yi alkawari a rubutu ya kamata ya sami layinsa na kuɗi: albashin ƙwararre kan jinsi, kuɗin tattara alƙaluman farko, ɗaukar mata masu tattara bayanai inda mace ba za ta saki jiki da baƙon namiji ba, sufuri da kula da yara a ranakun horo, da hanyar kai ƙorafi a asirce. Alkawarin da ba shi da layi shi ake fara yankewa idan kuɗi suka ragu a tsakiyar aiki, makin kuwa sau da yawa yana nan a rajista yadda aka rubuta shi tun farko.

A kuma tambayi wane sikeli mai ba da kuɗin ke amfani da shi. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da dama na amfani da matakai huɗu, 0 zuwa 3, inda 3 ke daidai da 2 na DAC, yayin da ma'aunin ayyukan agajin gaggawa mai haɗa jinsi da shekaru yake tafiya daga 0 zuwa 4. Mai neman tallafi da ya rubuta “makinmu 2” ba tare da ya faɗi sikelin ba, a wata hukuma ya yi iƙirarin cewa daidaiton jinsi ne ginshiƙin aikinsa, a wata kuma ya ce wani ɓangare ne kawai.