Waiwaye: Wa Ke da Karin Waƙa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu tura waƙoƙi a babbar kasuwar Katsina ya san irin gardamar da kan tashi idan sabuwar waƙa ta fito, domin kafin amshi ya zagayo sau biyu wani zai ce wannan ai karin wane ne aka ɗauka, wani kuma ya ce kari ba na kowa ba ne. Gardamar da ake yi a rumfa ita ce kotunan Amurka da Ingila suka shafe kimanin shekara 50 suna yi, sai dai su a can hukuncin yakan zo da miliyoyin daloli. Ya dace mu san yadda aka faro, saboda waƙoƙin matasanmu yanzu suna hawa YouTube da Audiomack, inda ake aiki da dokokin da aka gina a kan waɗancan shari'o'i.

Mu a nan aro tsohon abu ne, kuma yana da ladabinsa. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukan Katsina waƙar Alfazazi ce, Ibn Mahib ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara nasa layuka a kan na mai ita, sannan Wali Ɗan Masani na nan birnin ya yi mata sharhi a ƙarni na 17, kuma har yau an san rabon kowa da sunansa. Makaɗan baka ma haka suke: yaro yakan shekara da shekaru yana amshi a bayan ubangidansa, ya tashi da salonsa, kuma idan ya kafa tasa ƙungiya ya ambace shi a waƙa. Narambaɗa yana da Bakandamiya, Mamman Shata yana da tasa, ba wanda ya ce ɗaya ya saci ta ɗaya, domin an ɗauki sunan a matsayin fage wanda kowane gwani ke shiga ya yi kirarin kansa. Kiɗan amada da Barmani Choge ta Funtuwa ta fito da shi duniya gadon matan cikin gida ne tun kafin a haife ta. Abin da jama'a ke ƙyama shi ne mutum ya rera baitin wani ya ce nasa ne, kuma hukuncinsa kunya ce a bainar jama'a.

A Turai an bi wata hanya dabam, inda aka mayar da fasaha dukiya mai takarda. Ingila ta yi dokar haƙƙin mallakar littattafai a 1710, ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Berne a 1886, kuma da faifan garmaho ya zo sai waƙa ta zama hajar da ake sayarwa sau miliyan.

Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita ita ce ta George Harrison, ɗaya daga cikin mawaƙan Beatles. A 1976 wani alƙali a New York ya yanke cewa waƙarsa ta 1970, "My Sweet Lord", ta kwaikwayi "He's So Fine" wadda ƙungiyar Chiffons ta yi tashe da ita a 1963. Abin da ya sa hukuncin ya yi nauyi shi ne alƙalin ya yarda Harrison bai yi da gangan ba, ya ce karin ya zauna masa a ƙwaƙwalwa ne ya fito ba da saninsa ba, amma duk da haka ya kama shi da laifi. A irin wannan shari'a ma'auni yana tsayawa a kan tambayoyi biyu: shin wanda ake ƙara ya sami damar jin waƙar farko, kuma shin kamar da ke tsakaninsu ta kai ta ainihin abin da mai waƙar ya ƙirƙira? Niyya ba ta cikin lissafi, kuma wannan darasi ne mai tsoratarwa ga duk wanda ya girma da rediyo a kunnensa.

Sai dai waɗanda suka fi cutuwa a wannan tarihi 'yan Afirka ne. A 1939 Solomon Linda, Bazulu ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauki waƙarsa "Mbube", ma'ana zaki, a kamfanin Gallo, kuma an ruwaito cewa sule 10 aka ba shi. Waƙar ta haye teku, aka sauya mata baiti, ta zama "The Lion Sleeps Tonight" a 1961, daga baya ta shiga fim ɗin zane na kamfanin Disney a 1994, ta tara dukiyar da Linda bai taɓa gani ba, domin ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006 'ya'yansa suka sami sulhu da kamfanin da ke riƙe da waƙar, shekara 44 bayan an binne mahaifinsu. Manu Dibango na Kamaru ya fi shi sa'a, domin yana raye kuma yana da lauyoyi lokacin da Michael Jackson ya ɗauki amshin "Soul Makossa" ta 1972 ya sa a faifansa na 1982, aka sasanta a wajen kotu, kuma Dibango ya sake kai ƙara a Faransa a 2009 bayan amshin ya sake bayyana a waƙar Rihanna. A nan ba maganar kamanni ake yi ba, ɗauka ce ƙuru-ƙuru, kuma abin da ya raba Linda da Dibango shi ne ɗaya ya san darajar takardar da ya sa wa hannu, ɗayan kuwa ba wanda ya gaya masa.

A 2015 ne al'amarin ya wuce gona da iri. Iyalan marigayi mawaƙin Amurka Marvin Gaye sun yi shari'a da Robin Thicke da Pharrell Williams a kan "Blurred Lines", suna cewa ta yi kama da waƙar mahaifinsu ta 1977, masu taimaka wa alƙali suka ba su dala miliyan 7.4, aka rage zuwa 5.3, tare da rabin kuɗin da waƙar za ta samu nan gaba. Masana kiɗa da dama sun ce baitin ba ɗaya ba ne, karin ma ba ɗaya ba ne, yanayin kiɗan ne kawai ya zo iri ɗaya, kuma mawaƙa sama da 200 suka rubuta wa kotun ɗaukaka ƙara suna gargaɗi, amma ta tabbatar da hukuncin a 2018. A ganina wannan kuskure ne. Da a ce haka doka take a ƙasar Hausa, da duk wanda ya rataya kalangu ya ja murya irin ta Shata sai ya biya magadansa, kuma da Shata kansa ya biya makaɗan da ya tarar a Musawa.

Kotunan sun ja da baya bayan haka. A 2020 mawaƙan Led Zeppelin na Ingila suka yi nasara a ƙarar da aka kai su a kan "Stairway to Heaven", kuma a shekarar wata alƙaliya ta soke diyyar dala miliyan 2.8 da aka ɗora wa Katy Perry da abokan aikinta saboda jerin sautuka 8, tana mai cewa irin wannan tubali na kowa ne. Ed Sheeran ya ci shari'a a Landan a 2022, ya sake ci a New York a 2023. Hujjar ɗaya ce: sautukan da kiɗan Turawa ke juyawa a kansu 12 ne kacal, don haka dole hanyoyi su riƙa haɗuwa.

Kada mu ɗauka hannunmu tsarkakakke ne. Tun lokacin da finafinan Indiya suka cika silimun Arewa, 'yan bandiri da mawaƙan finafinan Hausa suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙinsu suna zuba musu baitin Hausa, abin da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya daɗe yana nazari. A zamanin kaset wannan bai je kunnen masu shi ba. Yau kuwa YouTube yana da na'urar da ke gane sautin da aka yi wa rajista, ta karkatar da kuɗin talla zuwa ga mai shi ko ta toshe waƙar, ba tare da an je gaban alƙali ba.

Dokar Najeriya ta bi matakai: ta 1970, sai ta 1988 wadda ta haifar da hukumar kula da haƙƙin mallaka, sai sabuwa wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. A ƙarƙashinta haƙƙi yana tabbata da zarar an ɗauki waƙa ko an rubuta ta, ko ba rajista, kuma yana ɗorewa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, yayin da haƙƙin sautin da aka ɗauka yake shekara 50. Sayar da haƙƙi ba ya inganta sai a rubuce, Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron ƙara, kuma waƙoƙin gargajiya da ba a san mai su ba an damƙa kula da su ga hukumar.

Inda nake jin tsoro shi ne sutudiyo. Matashi yakan shiga da baitinsa, mai kiɗa ya buga masa fiyano, ya biya kuɗin aiki ya fita, ba takardar da ta ce kiɗan na wane ne, kuma bayan wata biyu sai ya ji an ɗora wa wani irinsa. Rigingimun da ke biyo baya a Facebook ake yin su, ko a gaban dattawan ƙungiya, kuma sulhun dattawa abu ne mai kyau, amma ba ya hana kamfanin waje kwashe kuɗin waƙa idan ba wanda ya rubuta sunan mai ita. Haka nan tsofaffin faya-fayan makaɗanmu suna yawo a intanet a shafukan mutanen da ba su da alaƙa da iyalansu. Shata ya rasu a 1999, an binne shi a Daura, kuma bisa lissafin doka waƙoƙinsa suna hannun magadansa har ƙarshen 2069.