Mutuwar Fuji'a ta Zuciya a Tsakanin Matasa da 'Yan Wasa

Mutuwar fuji'a ta zuciya ita ce rasuwar da ke aukuwa ba zato, galibi cikin sa'a ɗaya da fara alamu, saboda zuciya ta daina tura jini. Likitoci kan ware 'yan ƙasa da shekara 35 daban. A wajen dattawa toshewar jijiyoyin zuciya ce kan gaba, amma a wajen matashi yawanci lahani ne da aka haife shi da shi ko ya gada, wanda ke ɓoye har ranar da zai yanke jiki ya faɗi yana tsakiyar ƙarfinsa.

Tarihi

A Najeriya, abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne rasuwar Samuel Okwaraji. Ranar 12 ga Agusta, 1989, ya faɗi a babban filin wasa na Surulere a Legas, ana karawa da Angola a wasan neman gurbin cin kofin duniya, yana ɗan shekara 25. Binciken gawarsa ya nuna zuciyarsa ta kumbura. Bayan shekara 14, a Yunin 2003, Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a birnin Lyon na Faransa yayin wasa da Kolombiya, aka gano naman zuciyarsa ya yi kauri fiye da kima. A Maris na 2020 kuma Chineme Martins na ƙungiyar Nasarawa United ya rasu bayan ya faɗi a Lafiya, ana wasa da Katsina United.

Akwai waɗanda suka rayu. Fabrice Muamba a Ingila a 2012, da Christian Eriksen na Denmark a 2021, duk zuciyarsu ta tsaya a fili, aka danna musu ƙirji nan take, aka sa musu na'urar da ke farfaɗo da bugun zuciya da lantarki. Eriksen har ya koma buga ƙwallo. Saurin taimakon da suka samu shi ne babban abin da ya yi musu rana.

Dalilai

Kaurin naman zuciya na gado yana samun kusan mutum ɗaya cikin 500. Wasu jijiyar da ke ciyar da zuciyarsu ce ta fito ta inda bai kamata ba, wasu kuma hanyar lantarkin zuciyar ce ke da matsala, ko da ita zuciyar lafiya lau take a ido. Kumburin zuciya bayan zazzaɓin ƙwayar cuta ma na jawo irin wannan mutuwa, haka nan duka mai ƙarfi a daidai ƙirji, abin da ya kamata 'yan dambe su sani. A Arewa akwai ƙarin dalilai biyu: lalacewar ƙofofin zuciya sanadin ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi maganinsa ba, da raunin zuciya bayan haihuwa, wanda likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa tun wajen shekarun 1970.

A karkarar Kano da Jigawa

Irin wannan mutuwa ba ta cika shiga lissafi a ƙauye ba. Ana sallar gawa a binne ta a ranar, ba a binciken gawa, sai a ce "lafiyarsa ƙalau, kwana ne ya ƙare." Ajali gaskiya ne, amma sanin sababi yana iya ceton ƙanin mamaci, tunda cutar kan bi jini.

Idan yaro ya faɗi a filin makarantar firamare ko a dandalin kokawa bayan kaka, abin da aka saba shi ne a yayyafa masa ruwa, a yi masa fifita, a shaƙa masa albasa. Da yake mai tsayawar zuciya kan yi 'yar fizge-fizge da numfashi mai kama da minshari, sai a ɗauka farfaɗiya ce ko iska, a tafi neman mai ruƙiyya ko babur. Ƙwaƙwalwa kuwa tana fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida ba jini.

Alamomin gargaɗi su ne suma a tsakiyar gudu, ciwon ƙirji, haki da ya wuce na sa'anni, bugun zuciya mai fizga, ko wani ɗan'uwa da ya rasu farat ɗaya yana matashi. Mai irin wannan ya dakata da wasa, a kai shi babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Rasheed Shekoni da ke Dutse, inda ake auna zuciya.

Agajin farko

Wanda ya faɗi, bai amsa kira ba, kuma ba ya numfashi yadda aka saba, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. A ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wani ya nemo mota, mai dannawa ya ci gaba, in ya gaji wani ya karɓe shi. Kada a ɗura masa ruwa, kada a cusa masa cokali a baki.

Gwaji kafin wasa

Italiya ta wajabta auna 'yan wasa tun 1982, har da gwajin ECG, wato auna lantarkin bugun zuciya da na'ura. Likitocin Amurka sun fi karkata ga tambayar tarihin iyali da duba jiki. Har yanzu masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba.